Wa Ya Kama Wani, Kai ko Mura?

Tun da aka buɗe masaƙar Kakuri a 1957, ma'aikata masu harsuna iri-iri suka cika unguwannin ƙetaren kogin Kaduna, Hausa da Turanci suka zama 'yan gida ɗaya. Yau a Barnawa ko Sabon Tasha sai ka ji ɗalibi ya ce "na kama mura". Kalmomin na Hausa ne, amma ginin jimlar na Turanci ne, domin Bahaushe cewa yake yi "mura ta kama ni". A nan kimiyya tana bayan Bahaushe: ƙwayar cutar ce take shiga hanci, ta maƙale, ta hayayyafa. Saboda haka, malamai, mu kula da ginin jimla a aji, kada ɗalibi ya manta wane ne mafarauci, wane ne nama.