Kuɗin Mota da Bashin Mota a Karkarar Arewacin Kano



Duk wanda ya bi hanyar Dambatta ko ta Bici zai ga gona na bin gona, gida na kallon gida, babu daji ko saura tsakaninsu. Wannan ƙasa ce da jaki ya riƙe shekaru aru-aru, yana kai itace birni, yana komowa da taki. Tambayarmu ita ce, ta wace hanya mota ke shiga hannun mutumin irin wannan wuri, kuma wa ke ba shi bashinta?

Mu fara da ma'aikaci, domin shi ne ya fara morewa. A 1975 aka biya ƙarin albashin nan na Udoji haɗe da ariyas, a shekarar kuma kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna, Volkswagen kuwa a Ikko. A wancan zamani babban ma'aikaci yakan karɓi bashin mota daga gwamnati, a riƙa yanka a albashinsa wata-wata, har da alawus na kula da ita. Watau albashin shi ne jinginar. Gwamnatin soja ta soke wannan bashi a 1979, kuma maido da shi na cikin bukatun ƙungiyar ƙwadago a yajin aikin Mayun 1981.

Abin da ya karya tsarin baki ɗaya shi ne faɗuwar naira. Motar da ake cewa ta gida, yawancin sassanta daga Faransa ake sayo su da kuɗin waje, a nan ɗaurawa kawai ake yi. Da aka buɗe kasuwar musayar kuɗi a Satumban 1986, dalar da ba ta kai naira 1 ba a 1985 ta koma wajen naira 4 a 1987, alhali albashi bai motsa haka ba. Daga nan sabuwar 504 ta fi ƙarfin ma'aikaci, kasuwa ta koma hannun masu kawo tsofaffin motocin Turai ta Kwatano, wasu su biyo ta Maraɗi. An hana shigo da mota ta iyakokin ƙasa daga Janairun 2017.

Ga lissafi mai sauƙi, a matsayin misali. Motar dala 5,000, a farkon 2023 da dala ke wajen naira 750 a kasuwar bayan fage, naira miliyan 3 da dubu 750 ce. A 2024, da dala ta kai 1,500, ta zama miliyan 7 da rabi, tun ba a yi maganar kwastan da la'adar dillali ba. Mai mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 sai ya tara albashin kusan shekara 9 bai taɓa ko kwabo ba.

To, manomi fa? Shi ba shi da albashi, gonarsa kuwa ta gado ce, galibi babu takardar mallaka da banki zai karɓa. Bankin Jaiz, wanda ya fara aiki a 2012, yakan sayi motar ya sayar wa mutum da riba sananniya don kauce wa kuɗin ruwa, amma shi ma yana son ganin kuɗin da ke shigowa duk wata, manomi kuwa sai kaka. Saboda haka hanyarsa ita ce adashi, ko sayar da shanun kiwo, ko jinginar da gona, ko kuma wani attajiri ya saya masa akori-kura ko a-daidaita-sahu, ya ɗora riba, shi kuma ya riƙa biya kullum har ya gama. A ganina wannan ta ƙarshe ta fi kowace tsada, domin gyara a Ƙofar Ruwa da man fetur, wanda aka janye tallafinsa ranar 29 ga Mayun 2023, duk a wuyan direba suke, kuma in biya ya tsaya mai mota yakan karɓe abinsa.

Jinginar gona kuwa ta fi haɗari a nan fiye da inda ƙasa ke da yalwa. A Minjibir ko Ungogo, wanda gonarsa ta kuɓuce ba shi da dajin da zai sara ya yi wata, kuma tun daga damina ta farko amfanin gonar na wanda ya ba da kuɗin ne.