Ƙura da zafi: abin da ke kashe taraktar haƙa tun ba ta mayar da kuɗinta ba

A Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, ƙaramar tarakta mai hannun haƙa a bayanta ta zama jari. Da ita ake haƙa harsashin gini, ramin masai da lambatu. Akwai ƴan ci-rani da ke haɗa gumin shekaru su sayo ta hannu, su damƙa wa ƙane ya nemi na cefane. Sai dai sau da yawa hannun haƙar ne ke fara sanyi tun injin yana da sauran ƙarfi, kuma ciwon daga mai yake farawa.

Famfo ne ke tura man idrolik ta cikin tiyo zuwa silinda, shi ke ɗaga hannun ya kafa bokiti a ƙasa. Ƙarfin turin kan kai bar 150 zuwa 200, alhali tayar ƙaramar mota ba ta wuce bar 2 zuwa 3 ba. A irin wannan matsi, ƙwayar rairayi da ido ba ya gani tana goge cikin famfo kamar sansifefa.

Nan ne yanayinmu ke shigowa. A lokacin hunturu ƙura na shiga ta bakin tanki, ta mazurari mai datti, ko ta kan tiyo da aka kwance aka yar a ƙasa. A watannin Afrilu da Mayu kuwa, da zafi ke haura digiri 40, man yakan tsinke. Idan ya wuce digiri 80, robobin da ke hana yoyo su bushe su tsage.

Injin yana faɗar ciwonsa ga mai lura. Man da ya koma fari kamar madara, ruwa ya shige shi. Kumfa alama ce ta iska. Famfon da ke kuka yana neman mai ne, ko dai ya yi ƙasa ko matata ta toshe. Hannun da ke sauka da kansa bayan an ɗaga shi kuwa, akwai yoyo a cikin silinda ko bawul.

Maganin bai kai farashin sabon famfo ba. A duba mai kowace safiya a shimfiɗaɗɗen wuri, a goge murfi kafin a buɗe, a sa giris a gaɓoɓin hannun, a canza matata bisa awannin da littafin injin ya ƙayyade. A wasu taraktocin, mai ɗaya ne ke hidimar giya da hannun haƙa, don haka zuba baƙin man mota ko man da aka auno a buɗaɗɗiyar jarka ganganci ne. Bayan da iyakar Nijar da Benin ta rufe a 2023, kayan da ke biyowa ta teku suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, injin da ya lalace na iya daɗewa a gareji yana jiran kaya.

Akwai kuma abin da ya fi kuɗi. Kada a taɓa laluben yoyo da hannu, a yi amfani da kwali. Man da ke tsartuwa ta ƴar huda yana ratsa fata, ya bar tabo kamar na allura, amma yana iya ruɓar da nama har a yanke yatsa. Wanda hakan ta same shi ya nufi asibiti nan take, ya faɗa wa likita cewa man idrolik ne ya shige shi, domin aikin tiyata ne na gaggawa.

Kafin a kwance kowane tiyo, a sauke bokiti da ƙafafun tokare ƙasa, a kashe injin, a motsa sandunan sarrafawa har matsin ya fita. Mai jarin da ke waje kuma, idan ya kira gida, bayan cinikin mako ya tambayi ranar da aka canza matata.