Kafin Ka Kai Babi Na Ɗaya: Ina Matsalar Take?

'Yan uwana ɗalibai, musamman ku da za ku fara furojek, bari in ba ku labarin abin da ya cinye mini mako shida da kuɗin buga takarda har sau uku.

Ina ajin ƙarshe a sashen kimiyyar ɗakin gwaje-gwaje, kuma aikina a kan ruwan rijiyoyin unguwar da muke haya ne. Babi na ɗaya da na fara kaiwa shafi biyar ne. Na faro da cewa ruwa shi ne rayuwa, na zaga duniya na dawo. Malam ya karanta, ya ɗago kai ya ce, "To, ina matsalar?" Na ce, "Ruwa mara tsabta mana, malam." Ya ce, "Wannan maudu'i ne. Me aka kasa sani game da shi?" Wallahi ranar ko abincin dare ban iya ci ba, amma gaskiya ya faɗa.

Matsalar bincike giɓi ce: abin da ya kamata a sani, amma har yanzu ba a sani ba, a wani takamaiman wuri da lokaci. Wani masanin harshe ɗan Ingila, John Swales, ya nazarci yadda masana ke buɗe maƙalolinsu, a 1990 ya bayyana matakai uku da suke bi. Su na bi na tsira.

Na farko, shimfiɗa. Ka nuna fagen da kake ciki da abin da aka riga aka tabbatar, kowace magana da madogararta da shekararta. Ni na kawo ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya: kada a samu ƙwayar E. coli ko ɗaya a cikin mililita 100 na ruwan sha, kuma sinadarin naitiret kada ya wuce miligiram 50 a lita. Ka ga yanzu akwai ma'auni.

Na biyu, giɓi. Su wa suka yi aiki a kai, ina suka tsaya? Na shiga laburaren sashenmu na duba furojek ɗin waɗanda suka gabace mu. Sun gwada ruwan burtsatse, kuma da rani. Ban ga wanda ya gwada buɗaɗɗun rijiyoyi da damina ba, lokacin da ruwan sama ke kwaso ƙazanta daga masai da kwata. Amma a kula: kar ka ce "babu wanda ya taɓa yi". Ka ce "a cikin ayyukan da na duba". In ka cika baki, ranar kare aiki wani malami zai zaro maka guda.

Na uku, abin da za ka yi don cike giɓin. Nawa shi ne: gwada rijiyoyi 10 daga Yuli zuwa Satumba, a auna E. coli da naitiret, a kuma auna nisan kowace rijiya da masai.

Da na gama, bayanin matsalata bai wuce jimla huɗu ba: abin da ya kamata, abin da aka sani, abin da ya rage, sai kuma wa zai cutu in aka bar shi haka. A wajena mu ne, da yaran unguwa masu shan ruwan kullum.

Kafin ka kai wa malam, yi wa kanka tambaya uku. Kowace manufa da ka jera tana amsa matsalar kuwa? Kayan aikin da ke ɗakin gwajinku da kuɗin aljihunka za su iya? Sannan karanta wa abokin ɗakinka da ba sashenku ɗaya ba. In ya ce "to sai me?", da sauran aiki.

A karo na huɗu malam ya sa hannu. Saura mako biyu in kare aikin, ku sa ni a addu'a. Allah Ya ba mu sa'a baki ɗaya.