Bergen-Belsen: An Buɗe Ƙofa, Mutuwa Ba Ta Fita Ba

Ranar 15 ga Afrilu, 1945, sojojin Birtaniya suka shiga sansanin Bergen-Belsen da ke arewacin Jamus. Sun tarar da mutum kusan 60,000 da sauran numfashi, galibinsu Yahudawa, ga kuma gawawwaki kimanin 13,000 yashe a fili. Babu ɗakin iskar guba a nan irin na sansanin Auschwitz. Yunwa da cunkoso da zazzaɓin taifus, wanda kwarkwata ke yaɗawa, su suka yi wa 'yan Nazi aikin. A nan Anne Frank, yarinyar da littafinta ya yi suna, da yayarta Margot suka rasu, saura makonni sojojin su iso.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, mutum kusan 14,000 suka ƙara mutuwa bayan an 'yantar da sansanin. Wasunsu ma abincin taimako ne ajalinsu. Tausayi ya sa sojoji suka riƙa miƙa naman gwangwani da guzurinsu ga mutanen da suka zama ƙashi da fata. Jikin da ya daɗe da yunwa kuwa ba ya ɗaukar gaggawa. Da an ɗura masa abinci mai nauyi, sai gudawa da amai. Sinadaran fosfet da fotasiyam su ragu a jini kwatsam, zuciya ta rikice. Dalilin ke nan da ya sa yau a cibiyoyin kula da yara masu tamowa, a Katsina ko Maraɗi, ake farawa da madara tsararo kaɗan-kaɗan, ko da uwa na ganin rowa ake wa ɗanta.

Birgediya Glyn Hughes, babban likitan rundunar, ya jagoranci ceton. An gwada kunu mai sukari irin wanda aka bayar a yunwar Bengal ta 1943, amma zaƙinsa ya gagari marasa lafiyar. Ɗaliban likitanci kusan ɗari suka zo daga Landan, aka riƙa wanke mutane ɗaya bayan ɗaya ana barbaɗa musu hodar DDT. Ranar 21 ga Mayu aka cinna wa bukka ta ƙarshe wuta.

Waɗanda suka rayu aka mayar da su barikin sojan Jamus da ke kusa. Ina za su koma? Gida ya zama na wani, dangi sun ƙare. Duk da haka suka zaɓi shugabanninsu, suka buɗe makarantu, suka fara buga jarida da harshen Yidish. Sai aure, babu ƙaƙƙautawa. Akwai wata rigar amarya da aka ɗinka da yadin laimar saukar sojan sama, amare suka yi ta karɓa-karɓa da ita. A ganina wannan ya fi duk wani jawabin ranar nasara nauyi, domin wanda ya yanke ƙauna ba ya neman tela.

Jarirai kusan 2,000 aka haifa a wurin. Iyayensu sun sha jiran ƙasar da za ta karɓe su, saboda Birtaniya ta taƙaita shiga Falasɗinu, Amurka ma ba ta saki takardun shiga da wuri ba. Sai a 1950 aka rufe matsugunin.