Dabbarka Ta Ɓata, To Wace Shaida Ka Yi Mata?

Kwanan baya a ƙofar gidan wani mai unguwa, magidanta biyu suka kusa ba hammata iska a kan rago ɗaya. Yara ne suka tsinto shi yana gararamba a bakin titi, suka kawo. Kowanne daga cikin mutanen ya rantse nasa ne. Mai unguwa ya ce, "To, Malam, mene ne shaidarka?" Na farko ya ce fari ne mai ƙaho. Na biyu ya ce shi ma nasa fari ne mai ƙaho. Jama'a, a garin nan raguna nawa ne farare masu ƙaho?

Wannan sakaci ya yi mana katutu. Mutum zai zuba kuɗi masu yawa ya sayi rago, ya yi wata shida yana ɗawainiyar dusa da harawa da ƙaiƙayi, amma ya kasa ɓata minti biyar ya yi masa alama. Wayar da ke hannunsa cike take da hotunan biki, babu hoton dabbarsa ko ɗaya. Ranar da ta ɓace sai ya kama kame-kame, "tana da ɗan baƙi-baƙi a wani wuri." Wane wuri? Hagu ko dama? Bai sani ba. Makiyayi a daji yana da shanu hamsin, kowace ya san kamanninta da uwarta da tsagar kunnenta, amma mai akuya biyu a cikin gari bai iya siffanta ko ɗaya. Abin kunya ne.

Shaida kuwa ba ta da tsada. Fenti a ƙaho, lalle a goshi ko a gadon baya, igiyar wuya mai ɗauke da lambar waya, ko ɗan kunnen roba mai lamba irin wanda ake samu wurin masu sayar da magungunan dabbobi. Sai dai fenti yana gogewa, lalle yana koɗewa, igiya kuma ɓarawo ya tsinke ta cikin daƙiƙa. Saboda haka abin dogaro shi ne alamar da Allah ya halicci dabbar da ita, ko tabon da ta samu: karyayyen ƙaho, yagaggen kunne, ɗigon baƙi a ƙarƙashin wutsiya, haƙorin da ya fita. Ka ɗauki hoton waɗannan kusa-kusa, ta hagu da ta dama, sannan ka ɗauki guda kana tsaye da ita a cikin gidanka. Idan daga kara ka sayo ta, karɓi rasit, kuma ka riƙe sunan dillalin, domin shi ne mutum na farko da zai tsaya maka. A Ingila tun 2016 doka ta tilasta a dasa wa kowane kare wata 'yar na'ura kamar ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fata, mai ɗauke da lambar da za ta kai ga mai shi, a 2024 kuma aka haɗa da kyanwa. Mu ba a ce mu yi wannan ba. Hoto kawai ake roƙonmu.

Sai jinkiri. Akuya ba ta dawo da magariba ba, sai a ce "za ta dawo, ai ta san gida." A kwana, a wuni, sai a rana ta uku a fara cigiya. Wannan ihu ne bayan hari. Dabbar da aka sata ba ta kwana biyu a unguwa: ko dai ta faɗa hannun mahauci da asuba, ko a loda ta a mota zuwa kasuwar da ke ci a washegari. Wanda yake Kano ya san akwai 'Yan Awaki ta Unguwa Uku da abbatuwa, ya san Wudil Juma'a take ci, Maigatari kuma Alhamis. A daren da abin ya faru ka sanar da mai unguwa da 'yan sintiri, ka sa a faɗa a masallaci bayan sallah. Da sassafe ka kai hoto wurin sarkin pawa da shugaban dillalai. Waɗannan mutane sun san wanda ya saba kawo dabba da wanda ya zo yana waige-waige yana neman a saya ko nawa ne. Gidajen rediyo ma suna karɓar cigiya. Kuɗin da wasu ke kai wa mai duba don ya buga ƙasa ya ce "an yi gabas da ita," da nan aka kai su da sun fi amfani. Mafi muni ma, mai duban nan kan jefa zargi a kan maƙwabci, zumuncin shekaru ya lalace a kan tunkiya.

Kyanwa lamarinta daban ne. Ba ta cika yin nisa ba, ɓuya take yi idan ta tsorata ko za ta haihu. Duba cikin silin, bayan buhuna, kwalbati, kango, ƙarƙashin mota da cikin injinta kafin a tayar. Nemanta ya fi kyau da dare idan gari ya yi tsit, da tocila da ɗan kifi a hannu. Kare kuma idan ya dawo da rauni ko cizo, ko halinsa ya sauya, a ɗaure shi nesa da yara a kira likitan dabbobi, saboda ciwon haukan kare ba ya da magani idan alamunsa suka bayyana.

Idan za ka sa cigiya a Facebook ko WhatsApp, kada ka zayyana dukkan alamomin. Ɓoye ɗaya a ranka. Duk wanda ya bugo waya ya ce dabbarka tana hannunsa amma sai ka turo kuɗin mota, ka ce ya faɗi wannan alamar ko ya turo sabon hoto. Tukuici bayan an ga dabba ake bayarwa. Idan kuma ka gan ta a hannun wani, kada ka kwarma ihun ɓarawo, domin wataƙila shi ma saya ya yi, ko tsinta ya yi yana neman mai ita. An sha rasa rai a kan irin wannan gaggawa. Kira hukuma, ka nuna shaidarka.

Kai kuma da dabbar wani ta shigo gidanka, ba rabonka ne ya tsaga ba. Hukuncin tsintuwa sananne ne a Musulunci: a kiyaye alamominta, a yi cigiya, dukiyar ma har shekara guda ake neman mai ita. Ka ba ta ruwa da abinci, ka kai rahoto wurin mai unguwa a ranar. Wanda ya zo karɓa, kada ka nuna masa ita sai ya fara siffanta ta.