Kafin a Sauke Inji, a Fara Leƙa Tanki

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya shelanta cire tallafin man fetur, al'amarin zirga-zirga ya sauya a kudancin Jigawa. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta zarce 1,000. Malamai da ma'aikata da dama a Birnin Kudu da Gwaram suka jingine motocinsu, suka waiwayi tsofaffin baburan da suka shekara a zaure ƙura ta lulluɓe su. Mai Jincheng ya jawo tasa, mai Boxer ya kakkaɓe tasa. Sai dai babur ɗin da ya daɗe a ajiye ba ya tashi don mai shi ya matsu.

Abin da ke damuna shi ne saurin yanke hukuncin cewa inji ya mutu. Na sha ganin magidanci ya ci bashi an sauke masa inji, alhali cutar ba ta wuce tsakanin tanki da kafireto ba.

Fetur ba ya jure ajiya. Idan ya yi watanni, musamman a zafin bazara irin namu, sassansa masu saurin kamawa da wuta sukan bi iska, ragowar ya yi duhu, ya yi wari, ya bar danƙo kamar ƙaro. Wannan danƙon ne ke toshe 'yan ƙofofin da mai ke bi a cikin kafireto, waɗanda wasunsu ba su kai kaurin allura ba. Damina kuma tana da tata ɓarnar: laima kan taru a tankin da ba a cike yake ba, ta zama ruwa. Da yake ruwa ya fi fetur nauyi, sai ya kwanta a ƙasa, ya haifar da tsatsa daidai inda mai ke fita.

Saboda haka kada a fara da buga kik. A juye tsohon man gaba ɗaya, a haska cikin tanki da tocila, ba da ashana ba. In akwai tsatsa, a zuba ƙananan notina da kananzir, a girgiza sosai, a ɗauraye, a bar shi ya bushe. Tiyon da ya sandare a canza shi, haka ma matatar mai. Kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. Sannan a kwance kafireto a wanke, a hura ƙofofin da iska.

A nan ne nake da ja da wasu bakanikanmu, duk da ina girmama basirarsu. Sukan zira waya ko allura su sosa ƙofar man. Babur zai tashi nan take, mai shi ya tafi yana godiya, amma in ƙofar ta faɗaɗa, kullum zai riƙa shan mai fiye da ƙima. Ga wanda ke kai-komo tsakanin Gwaram da Babbar Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, ko yake ɗaukar kaya zuwa kasuwar Sara, wannan asara ce da zai riƙa biya kowane mako ba tare da ya san mafarinta ba.

A yi aikin a fili, nesa da murhu da yara, kuma kada a zuƙi mai da baki. Kafin a tayar, a sauya baƙin mai, a duba fulogi. Idan dole ta sa aka sayi fetur na kwalba wurin 'yan bumburutu, a tace shi da ƙyalle mai tsabta. Wanda kuma zai sake ajiye babur na tsawon lokaci, ya rufe makunnin mai, ya bar injin yana aiki har ya mutu da kansa, domin kafireto ya kwana babu mai a cikinsa.