Dahuwar da ba a gani a cikin siminti

Duk macen da ta iya girki a Ƙaura Namoda ko Zurmi ta san aikin kanwa. Wake ya yi gardama, itace na ƙarewa, sai ta jiƙa 'yar kanwa ta tsiyaya ruwan cikin tukunya. Kafin a jima ƙwayar ta saki, ɓawon ya saɓule. In hannu ya zarce kuwa, waken ya dame ke nan. Haka siminti yake yi wa zaren tsiro idan aka cuɗa su, sai dai ita wannan tukunya ba a sauke ta, shekara da shekaru tana kan wuta.

Maginanmu na ƙasa sun daɗe da sanin amfanin ramno. A tsittsinka shi, a tattake cikin kwaɓi, ya riƙe bango kada ya tsage, kuma in gara ba ta shiga ba ya daɗe yana aikinsa. Don haka ba a ga laifin mai tunanin zuba zaren rama cikin siminti ba, ga shi yanzu rodi da kwano sun yi tsada. Wasu ma sun riga mu. A shekarun 1970 da 1980, da aka gane illar asbesto ga huhu, an yi ta buga fallayen rufi da siminti da zaren sisal a gabashin Afirka, wasu wuraren kuma da zaren ɓawon kwakwa. Da farko abin ya ƙayatar, daga baya rufin ya riƙa karyewa.

A 1983 Hans-Erik Gram, na cibiyar binciken siminti da kankare ta ƙasar Suwidin, ya bayyana dalili. Danshin da ke maƙale cikin siminti yana da kaifi irin na kanwa, har ya fi ta: a ma'aunin pH ruwa zalla 7 ne, na cikin siminti ya haura 12. Shi kuwa zare, in ka murza shi da farce za ka ga ƙananan silla ne da wani danƙo na halitta ya haɗe. Wannan danƙon ne kaifin yake narkarwa. Sannan ruwan farar ƙasa da siminti ke fitarwa ya kutsa ramukan cikin zaren ya sandare a can.

Ana iya gani da ido. Karya sabon falle, za ka ga ɓangarorin biyu na reto, zare ya riƙe su. Karya wanda ya sha damina da rani, sai ka ji ƙas, ya rabu biyu, bakin zaren a guntule.

Yanayinmu kuma shi ne mai iza wutar. Ranar Afrilu takan kai zafi sama da digiri 40, kuma zafi na hanzarta narkewar. Daga Yuni zuwa Satumba ruwa ya jiƙa zaren ya kumbura, hunturu ya zo ya tsotse shi ya motse, ya bar rata tsakaninsa da siminti.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne maganin yana zube a bayan injinan casar shinkafa. Ɓuntun da ake tarawa tsibi-tsibi a yankin Shinkafi, idan aka ƙone shi a natse, zafin bai wuce digiri 700 ba, har ya yi fari-fari, aka niƙe tokar ta yi laushi, takan shanye ruwan farar ƙasar nan ta rage kaifin. Baƙar toka mai gawayi ba ta yi. A Burazil masana sun sami irin wannan sakamako da ƙonannen yumɓu da garin jan bulo a madadin wani kaso na siminti.

Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda, wadda aka kafa a 1983, ita ta fi cancanta ta riƙe wannan aiki. A buga fallaye da simintin Kalambaina da ramarmu da tokar ɓuntunmu, a jera su a fili, a riƙa karya wasu bayan kowace damina ana rubuta abin da aka gani. Kafin nan, magini, kada ka ɗora wa iyalin wani rufin siminti da rama don kawai ka ga ya yi ƙarfi a makon farko.